Sirdin da Zai Zauna wa Akawal

Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma na saba rubuta abin da ya dame ni, kuma yau kai nake son gaya wa.

Gida lafiya. Inna tana fama da gwiwa, dawa ta kusa yanka. Dokinka Akawal ne ba lafiya, kuma ni na jawo.

Bayan arba'in ɗinka na ba Kawu Isa sirdinka, na ce don ya riƙa tunawa da kai. Gaskiyar ita ce na ga ya tsufa, sabo nake so. Kawu ya ba wani, wanin ya yi kudu da shi. Ashe don Akawal kaɗai aka sassaƙa shi? Me ya hana ni tambayarka wanda ya yi maka?

Ka san faɗin bayan Akawal. Sirdi uku na gwada, kowanne sai ya ɗare a sama kamar hula a kan tulu. Wani baduku a Rano ya ce in ƙara jalala, shimfiɗar nan ta sirdi, a ƙarƙashi. Na ƙara biyu. Kwana tara ina rubutawa a littafina cewa ya yi daidai, alhali da zarar na ɗauko sirdin sai Akawal ya kwantar da kunne. Ashe matsi nake ƙara masa. Yanzu miki biyu ne a kafaɗunsa.

Yaya Sani ya ce dokin da ba a hawa hatsi yake ci a banza, ana gama girbi zai kai shi kasuwa. Ka san masu sayen doki mai miki, ka san inda suke kai shi.

Jiya wani makiyayi ya raka ni wurin wani tsoho mai sassaƙa sirdi a Nariya. Na miƙa masa awon bayan Akawal da na rubuta, ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce ba ya sassaƙa wa dokin da bai shafa ba. Ƙyalle yake shimfiɗawa a bayan doki, ya ɗora ɗanyen yumɓu ya ɗauki siffar, shi ma sai miki ya warke. Duk waɗanda na je wa, shi kaɗai ya ƙi sallamata da sirdi. Wannan ya isa in yarda da shi, Baba? Na taɓa yarda da mai daɗin baki, ka ga inda ya kai mu.

Gobe bayan asuba zan ja Akawal a ƙasa, daga nan Yalwa har Nariya, duk mai dariya ya yi. Can zan bar shi har ya warke. Ban gaya wa Yaya ba, ko da yake shi ma yana da gado a ciki. In ya tashi ya ga turke babu doki, ban san me zan ce masa ba. Igiya dai na riga na ɗauko.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, ni ma ka yafe mini.

Ɗanka,
Habu