Bakan Dutsen Lungunmu

Zuwa ga ƙanena Saverio,

Gaisuwa mai yawa. Ya Torino, ya sanyi, ya Carmela da yara? Da fatan ciwon bayanka ya yi sauƙi. Mu nan lafiya, cinikin cuku sai godiya.

Auta, ranar Talata na dawo daga kasuwa na tarar da wani ɗan Ingila a lungunmu, ya ɗaga kai yana kallon bakan dutsen da kakanmu ya gina bayan girgizar ƙasa, wanda ya taso daga bangon gidanka ya tokare nawa. Na ɗauka ɗan yawon buɗe ido ne, har na yanka masa cuku. Da cukuna a bakinsa ya gaya mini shi ne ya sayi gidanka, kuma zai rushe bakan don motarsa ta shiga. Har da karatu ya yi mini, wai sunan irin wannan tokari a yarensu daga tunkuɗa ya samo asali. Na ce to malam, in ka cire shi, wa zai riƙe mini bango, kai?

Ni da nake jin warin ruɓaɓɓen ciniki tun daga ƙofar kasuwa, kai ka zauna a teburina ranar bikin Ista, ka ci taliyata har da ƙari, ka ce haya kawai za ka bayar da gidan. Rubuto ka ce mini Baturen nan ƙarya yake.

Yayarka,
Nunzia

Saverio,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, amsarka ta iso. Wai injiniya ya ce ba komai. Injiniyan a gidana yake kwana?

Sun rushe bakan. Motar ma ashe ba ta iya shan kwanar lungun. Bangona ya tsage tun daga tagar sama, hannuna na shiga ciki. Ma'aikatan gari sun zo sun tokare shi da gumagumai, sun ce in sauko da kayana daga bene. Ɗakin da ya tsage shi ne wanda na raine ka a ciki bayan rasuwar Mama, wanda nake share maka kowane Agusta in za ka zo.

Kwalin bana na tafe a motar Asabar, yadda na saba aiko muku. Ka je tasha da kanka, don direba ya yi ta tsaki saboda nauyi. Kada Carmela ta nemi man zaitun ko cuku a ciki. Duwatsun ɓangarenka ne na bakan, na tsince su a tarkace. Mu biyu aka bar wa, ni kuwa ban taɓa tauye wa kowa awo ba.

A gaida yara.

Nunzia