Na sa sunan Baba a ƙaryar neman mafaka

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a yi mini a hankali, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni magidanci ne a Gwammaja, ina sayar da yadi a kasuwa. Autanmu ya tafi Turai karatu, bizarsa ta ƙare, ya ƙi dawowa. Wata rana ya kira ni ya ce, "Yaya, hanya ɗaya ta rage, neman mafaka. Amma sai na nuna wa hukumar ƙasar nan ana farautar raina a gida." Na ce, "Wa ke farautarka, kai da Baba ke sa wa albarka kullum?" Ya ce shi dai in yi masa saƙon murya, in ce ni da Baba mun rantse sai mun kashe shi saboda ya bar aƙidarmu. Wallahi na san haramun ne, na san akwai waɗanda aka ƙone wa gari da gaske su ma suna can suna jira, amma ya dinga kuka, ni kuma ina ganin yadda sa'o'insa ke zaman banza a bakin layi. Na hau babur na tafi wajen Ƙofar Kabuga inda ba a san ni ba, na ɗaga murya na yi saƙon, har da ambaton cikakken sunan mahaifina. Wane irin ɗa ne ni? Da wannan saƙon aka ba shi mafakar.

Yanzu Baba yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ya ɗago kai ya ce, "Auta ne?" Na kira yaron na ce ya taho, ya ce in ya tako Najeriya za a ƙwace takardunsa, tunda ya ce musu a nan za a kashe shi. Jiya ina ba Baba koko ya riƙe hannuna ya ce, "Ko wani laifi na yi wa yaron nan? In na yi, ka ce ya yafe mini." Na fita tsakar gida na rasa inda zan sa fuskata.

In na gaya masa gaskiya, ina tsoron zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. In na yi shiru, zai koma ga Allah yana neman afuwar laifin da bai yi ba. Jama'a, me zan yi?