Na sa wa addu'ar mijina farashin kaza, shi bai sani ba

Ina gaishe ku duka, mai kula da wannan shafi da masu karatu, Musulmi da Kirista. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canja su. Ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi.

Ni Bahaushiya ce, Kirista. Mijina mai bishara ne a wata ƙaramar majami'a a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Kowa Malam yake ce masa, ni kuma Mama. Ba shi da albashi. Abin da jama'a suka kawo da son ransu shi muke ci, baikon ranar Lahadi, damin gero ko dawa da kaka, sai gayyar da maza kan yi mana a gona in sun tuna. Tun kafin aurenmu ya gaya mini ƙa'idarsa, ba ya karɓar ko allura don addu'a, ko suna, ko ɗaurin aure, ko jana'iza. "Ni ba saye na yi ba, ba zan sayar ba," haka yake cewa kullum. A lokacin maganar ta burge ni. Yarinya ce ni, ban san yadda rumbu yake ƙarewa ana tsakiyar damina ba.

Yawancin tsofaffin majami'armu daga addinin gargajiya suka fito, inda ba a zuwa wurin boka hannu rabbana, sai da kaza, ja ko baƙa, yadda ya yanka maka. Babban cikinsu shi ne Baba Tanko. Shekarun baya ɗansa ya kwanta, boka ya cinye masa kaji har akurki ya kusa zama fayau, sai Malam ya je ya yi wa yaron addu'a. Baba Tanko ya kamo 'yar kazar da ta rage zai ba shi, Malam ya ce, "Mayar da ita, Baba, a nan ba a biya." Wannan maganar ce ta kawo shi majami'a, shi ya ba da filin da aka gina ta, kuma babu baƙon da zai zo ƙauyen bai ji labarin daga bakinsa ba.

Bara da damina muka shiga wani hali. Tafasa da ƙuli muke ci safe da yamma, an koro 'yata daga makaranta a Kazaure don ba mu biya kuɗi ba, baikon Lahadi kuwa bai isa kwanon gero ba. Ni ba mai haƙuri ba ce, ban ɓoye ba. Na ce masa, "Malam, da bangaskiya ake tuƙa tuwo ne? Kai kake yawo gida-gida har takalminka ya tsinke, mu kuma mu ci me?" Ya ce, "Wanda ya kira mu ya san da mu." Ya ɗauki fartanya ya fita. Kun san irin amsar da take ƙara wa mutum haushi don ba shi da abin mayarwa?

A wannan makon wata mata, Asabe, ta zo neman Malam ya je ya yi wa jaririnta addu'a, ba ya nan. Sabuwar amarya ce a garin, ba ta san ƙa'ida ba. Ta durƙusa ta ce, "Mama, me ake kawowa?" Abin da ya kamata in ce shi ne ba komai. Sai na ji bakina yana cewa, "Waɗanda suka san ya kamata kaza suke kawowa. Amma ni ake ba, kuma ba a yi wa Malam maganar, yana jin nauyi." Da yamma sai ga kaza. Na ce wa Malam kyauta ce. Ya cire hula ya yi godiya ga Ubangiji, yaran suka sha romo, ni ma na sha, kuma wallahi ya yi mini daɗi.

Ban sake gaya wa kowa ba, ba sai na sake ba. Magana ta bi mata a rijiya da wurin surfe, kuma ba wadda ta yi mamaki, don abin da suka tashi suka ga iyayensu na yi ke nan. Kaji suka riƙa shigowa ta ƙofar baya. Wasu na yanka, wasu na ba a sayar mini a kasuwar Roni, yarinya ta koma makaranta. Na lura kiran Malam ya ragu, shi ma ya lura, ya ce ko dai mutane sun samu lafiya ne. Ni na san waɗanda ba su da kaza ne suka daina kira, amma na toshe kunnena. Na ce wa kaina ai haƙƙinsa ne nake karɓa masa, wane ne yake aiki ba a biya shi?

Watan jiya Baba Tanko ya kwanta. Da hantsi matarsa Iya Lami ta shigo gidana, ta same ni da mata biyu muna gyaran wake, su biyun kuma duk sun taɓa kawo mini kaza. Ta ce, "Mama, jikin Baba ya yi tsanani, Malam yake ta kira. Ga shi ciwo ya shiga kajinmu ya share su, ko ɗaya babu." Malam yana gonarmu a bayan gida, in na ɗaga murya zai ji. Amma matan nan sun zuba mini ido. In na ce ba a biya, me zan ce musu game da nasu kajin? Sai na ce, "Iya, Malam ya tafi Kazaure, in ya dawo zan gaya masa. Ke dai ki nema ko aro ne." Ta ce to, ta fita tana jan ƙafa. Niyyata in matan sun tafi in kira shi. Ba su tafi da wuri ba, na ɗora tukunya, na ce bari ya dawo da kansa. Kafin la'asar muka ji kuka daga gidan Baba Tanko.

Malam shi ya yi jana'izar. Ban taɓa ganin ya yi kuka a gaban jama'a ba sai ranar. Da muka dawo gida ya ce mini, "Ina nan bayan gida fa. Me na yi wa Baba da zai tafi bai aiko a kira ni ba?" Na tashi na shiga ɗaki. Ya je ya tambayi Iya Lami, ta sunkuyar da kai ta ce haka Allah ya so, don ita a tunaninta ya san zancen kazar, kunya ce ta hana shi faɗa.

Bayan an watse daga zaman makoki sai ga ta da kaza ja a hammata. Ta ce aro ta samo wurin ƙanwarta a Gwiwa. Ta ce ranar da ta koma gida Baba ya tambaye ta ina Malam, ta gaya masa sai an samo kaza. Ya dube ta ya ce, "Ashe nan ma sai da kaza?" Ya juya fuskarsa bango, bai ƙara magana ba har rai ya yi halinsa. Ta ajiye kazar a gabana ta ce, "Mama, ta makara, amma ki roƙi Malam ya yi masa addu'ar ko yanzu, kada ya je can a ce bai biya ba."

Jama'a, ban iya mayar mata da kazar ba. Malam ya shigo ya ga kazar, na ce Iya Lami ce ta kawo. Idonsa ya cika da hawaye, wai gwauruwa da ba ta da komai ta tuna da mu. Ya hana a yanka, ya hana a sayar, shi da kansa yake watsa mata tsaba kowace safiya. Yanzu kuma ya ce ranar Lahadin nan, wurin godiyar kaka, zai kira Iya Lami gaban jama'a ya nuna ta a matsayin misalin mai bayarwa ba a roƙa ba. Iya Lami ba ta iya ƙarya ba, in aka tsayar da ita abin da ta sani za ta faɗa.

In na gaya masa, na san mijina, ba zai dake ni ba, ba zai kore ni ba, ajiye aikin zai yi, don ya sha faɗa cewa ranar da ya ci abin da aka sayi addu'a da shi ya gama. Ya ci, shekara guda yana ci, ni na dafa masa. In na yi shiru, zai ji a gaban majami'a cike. In na je na roƙi tsohuwar ta rufa mini asiri, na ƙara ɗora mata kaya ke nan a kan wanda na riga na ɗora. Kuma ko wanne na zaɓa, wa zai je ya gaya wa Baba Tanko cewa ba a biya, cewa Malam bai yaudare shi ba? Na daina iya addu'a, in na durƙusa maganar Baba kawai nake ji.

Yau Alhamis. Ina rubuta wannan kazar tana tono a ƙofar ɗakina, Malam kuma yana ciki yana shirya wa'azin Lahadi, ɗazu ma ya leƙo ya tambaye ni ko na tuna launin kazar da Baba ya so ba shi tun farko, yana so ya sa a ciki. Ja ce.

Me zan yi?