Aljanin Ruhewar Gidanmu

Inna Hasana mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, duk hanyar da na duba a toshe take. Boko ban yi ba, allo na riƙe, shi ya sa kika ga takardata da ajami. Na san ba za a rasa mai karanta miki ba.

Ni ɗan Tama ne, wajen Buza, kuma duk garin an san ni da tsokana. Wana Halidu da ke Abijan ya aiko mana da manyeto, mai ɗaukar murya a kaset, don mu riƙa aika mishi gaisuwa. Ni kuwa kiɗa ne ya shiga raina. Ina da aboki, Bawa mai gurmi, wanda in ya buɗe baki sai masu jan ruwa su saki guga. Mun gwada ɗaukar waƙarsa a fili, kukan jaki da lugude sunka cika kaset ɗin. Sai na tuna da ruhewarmu, babban rumbun ƙasa da marigayi kakana ya gina, wadda ke wofi tun farin bara. Munka jingina tsani munka dira ciki. Inna, ba ki ji sauti ba! Sai dai amsa-kuwwa ta yi yawa, na shimfiɗa tabarmi, na jera buhuna, na rataya bargo, ta lafa. Har manyeton telan unguwarmu nake ara, in kunna gurmin a ɗaya, in yi amshi ɗayar ta ɗauka, sai ka rantse mutum uku ne.

Baba, Malam Isaka, bai san komai ba. Gidanmu ba a gaji kiɗa ba, ko taɓi ba ya son a yi mishi a ƙofa. Don haka sai an watse gona muke shiga.

Rannan da hantsi ina ciki ni kaɗai ina saurare, pil, wato batir, ta yi sanyi. Kin san in ta yi sanyi kaset na jan ƙafa, muryar Bawa ta koma kamar nishin raƙumi cikin rijiya. Daidai nan kakata Cima ta zo wucewa da ƙwaryar fura. Abokiyar wasana ce, tana ce mini mijinta marar gona, ina ce mata amarya marar haƙori. Na ji ta tsaya tana salati. Maimakon in leƙo, wallahi ban san abin da ya hau kaina ba, na kaurara murya na kira sunanta, na ce a miƙo furar nan. Ta yar da ƙwarya ta ruga. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, da nufin in la'asar ta yi in gaya mata.

Kafin la'asar magana ta cika gari, ita kuma ta kwanta zazzaɓi. Baba ya tara malamai anka yi karatu, anka yayyafa rubutu jikin ruhewar. Ni ma ina cikin masu karatun, da tasbaha a hannuna, ina zufa. Yanzu Kaka ta rantse ba ta cin tuwon hatsin da ya kwana a ciki, Baba kuma ya ce rushe ta za a yi kafin girbi. Bana Allah ya ba da damina, gero na gab da nuna, sabuwar ruhewa kuwa ba ta ginuwa ta bushe kafin nan. Ke nan dammunan geronmu a waje za su kwana, gara da awaki su samu, bayan yunwar da munka sha bara.

In na yi shiru ginin kakana ya tahi saboda dariyata. In na faɗa, Baba ya ji makaɗi ya taka inda ake aje abincin gida, ya ji na bar shi ya tara manyan gari a banza. Manyeton ma ba tawa ba ce, kuma in ya fusata ƙasa za ta sha. Bawa ya ce babu shi babu wagga magana. Har na yi tunanin in koma ciki sau ɗaya, aljanin ya yi sallama ya ce ya tashi ya koma daji. Ko in hau mota sai Abijan? 

Ɗanki, Mai Bargo a Rumbu.

Ɗana Mai Bargo,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma da na zo kan zazzaɓin tsohuwa dariyar ta tsaya. Wasan jika da kaka halal ne, sai dai iyakarsa inda tsoro ya fara. Laifinka babba ba kiran sunanta ba ne, shirun da ka yi har aka tara malamai. Mahaifinka bai yi wauta ba. Uwarsa ta kwanta, ya yi abin da ya sani don ya tsare gidansa, in ya yi fushi yana da gaskiya. Kai ma son sauti mai kyau ba zunubi ba ne, kuma wanda ya gano da kansa cewa bargo na kashe amsa-kuwwa yana da kunne.

Aljanin nan kada ya sake magana, ko ta sallama. Abijan ma ka manta da ita, don ko ka tafi rushewar za a yi.

Ka fara da Kaka, ba da Baba ba. Ka shiga ɗakinta da rana, ka durƙusa, ka kunna mata waƙar da sabuwar pil, sannan ka sa tsohuwar pil ɗin, don Kaka ta ji muryar da ta firgita ta. Ka bar ta ta zage ka har ta gaji. Rantsuwarta a kan aljani ta yi ta, kuma ita kaɗai ce in ta ce wa mahaifinka a bar ginin zai bari. Daga nan ka sami baffanka ko limamin unguwa ya raka ka wurin Baba, a zaure, ba gaban jama'a ba. Manyeton ka damƙa ta a hannun mai rakiyar tun kafin ku shiga, amanar wanka ce. Kada ka jingina wa Bawa komai, kai ka kafa tsani.

Ruhewa kuma ka fita daga cikinta, ta hatsi ce. Ka kwashe buhunanka, ka share, ka yi mata yaɓe da kanka. Idan ƙura ta lafa, ƙaramin ɗaki a gidan Bawa zai wadatar: tabarmi a ƙasa, barguna a bango, murya kusa da manyeto, gurmi a ɗan nesa. Sabuwar pil ta ɗauka ce, tsohuwa ta tocila. Kada ka yawaita juye daga wannan manyeto zuwa waccan, kowane juye yana ƙara shuu. Amma duk wannan sai da sanin mahaifinka, ko da amincewarsa za ta ɗauki lokaci.

Za ka sha faɗa, wataƙila har da sanda, kuma garin zai daɗe yana yi maka dariya, kai da ka saba yi wa mutane. Ka ɗauka. Ka je wurin tsohuwa yau, tun ba a fito da gatari ba.

Allah ya ba Kaka lafiya, ya sanyaya zuciyar Malam, ya sa ku ci geronku cikin kwanciyar rai.

Innarka, Hasana.