Duwatsu Uku a Cikin Rigar Seitoku

Juma'a, 6 ga Afrilu, 1945

Yau ma jirage sun wuce da hantsi, daga kudu zuwa arewa, guda shida. Na fito da yara filin makaranta suka ɗaga musu hannu kamar yadda aka umarta. Kowa ya san waɗannan ba sa dawowa, an aike su ne su faɗa wa jiragen ruwan abokan gaba da kansu. To, ɗaya dai ya dawo. Ya yi ta tari yana hayaƙi, ya zubar da bam ɗinsa a teku, ya zo ya kifa a kan duwatsun murjanin da ke cikin ruwa a bayan tsibirinmu. Kame masunci ya ɗauko matuƙin a kwalekwale. Ban da goshi, ko ƙwarzane bai yi ba.

Kafin rana ta faɗi mutanenmu sun far wa jirgin da guduma da adda. Wai ƙarfensa na yin tukunya mai kyau. Matar Kame har da cewa, "Malama, yi sauri, fiffiken ya kusa ƙarewa!" Mutanen da aka turo ni in wayar wa 'ya'ya ke nan.

Lahadi, 8 ga Afrilu

Kofur Yabuki, mai riƙe da sojoji bakwai da rediyon tsibirin, ya ce a ajiye matuƙin a gidanmu, tunda ni kaɗai ke jin harshen babbar ƙasar da ke mulkin tsibiranmu yadda ya kamata. Ladan karatun da na yi a birnin Naha ke nan, jinyar ƙato. Sunansa Noboru. A rigarsa na karanta, don shi bai ce uffan ba. Shekara sha tara. Ido a buɗe, yana kallon bango.

Kofur ya tsaya a kansa ya ce, "Abokanka sun mutu mutuwar maza, kai ka zo cin dankali." Ba na yarda da Kofur a kan komai, mutumin da ya cinye akuya uku na ƙauye da sunan tsaron ƙasa, amma a nan ya yi gaskiya. Zai fita ya ce mini, "In ya warke ki sanar da ni, akwai wani jirgin na jiransa. In ya mutu ma ki sanar da ni."

Iya Makato, uwar mijina, ta buɗe akwati ta ɗauko rigar Seitoku ta sa masa. Rigar mijina! Shekara biyu da ɗaukarsa soja zuwa tsibiran kudu, wasiƙa ɗaya tak. Na ce, Iya, wannan fa? Ta ce, "Asu ne zai cinye ta a akwati, Shizu. Gara mutum."

Laraba, 11 ga Afrilu

Ba ya ci. Dankali, kifi, miya, duk ya ƙi, sai ruwan kunu da Iya ke ɗura masa da cokali. Mu muna jiƙa 'ya'yan itacen sotetsu kwana da kwanaki gubarsu ta fita mu samu na kaiwa baki, shi kuwa lallashinsa ake yi. Ya kasa mutuwa a sama, ya zo zai mutu mana a tabarma.

Litinin, 16 ga Afrilu

Teku ta kawo gawa biyu, duk matuƙa. Ɗaya namu, ɗaya na abokan gaba mai jan gashi. An binne su a yashin bayan ƙauye, inda ake binne duk wanda ruwa ya kawo. Kofur ya yi ta kumfar baki don an haɗa su wuri ɗaya. Kame ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ruwa ɗaya suka sha." Ya sha mari. Ban ji tausayin ko ɗayansu ba.

Alhamis, 19 ga Afrilu

Ƙasusuwan wuyan Noboru sun fito. Ba ruwana.

Litinin, 23 ga Afrilu

Iya ta gano ciwon, wai. Kurwarsa ce ta faɗi. Lokacin da jirgin ya bugi murjani firgita ta fizge ta, tana can kwance cikin ruwa, gangar jiki kawai Kame ya kawo mana. Sai an je wurin an kirawo ta, in ba haka ba ba zai ga sabon wata ba.

Na yi dariya har na ƙware. Ni da ke rataya wa yaro allon horo a wuya in ya yi yaren tsibiri a aji, ni za a zo wa da wannan? Na ce, Iya, likita yake buƙata. Ta ce, "To kawo likitan." Ta san babu. Ta ce, "Seitoku na shekara shida ya faɗo daga kan itace, kwana huɗu bai yi magana ba. Wa ya ɗauko masa tasa? Da ba haka ba da wa za ki aura, Malama?" In ta ce Malama da wannan muryar, zagi ne.

Na ce ai mutanen babbar ƙasa ba su san wannan ba. Ta ce, "Shi ya sa suke yawo ba kurwa, dubi Kofur."

Juma'a, 27 ga Afrilu

Zan rubuta don kada in manta irin wulaƙancin da na yi wa kaina.

Ruwa ya janye sosai da tsakar rana, har ana iya takawa zuwa ga jirgin. Gwiwoyin Iya ba su kai ta ko bakin yashi ba. Ta zauna a kan dutse ta miƙo mini ƙunshin: rigar Seitoku da ta tuɓe masa, dunƙulen shinkafa daga ɗan abin da take ɓoyo don kakanni, turare, goran ruwa. Na ce ba za ni ba. Ta ce, "To zauna, mu jira ruwa ya dawo, gobe mu haƙa rami." Na karɓa don kawai a daina magana.

Jirgin ya zama ƙashin kifi, sun kwashe komai har kujera. Na kunna turaren, na ajiye shinkafar, na duba hagu da dama. Ba kowa sai kaguwa. Sannan na faɗi abin da ta koya mini, da yaren tsibiri, don wai kurwa ba ta jin wani: kurwa, kurwa, taso ki biyo ni, ga abinci a gida, ga mai jiranki. Sau uku. Murya ta fito mini kamar ta uwata, abin ya ba ni haushi. Na tsinci ƙananan duwatsu uku a ƙarƙashin inda ya zauna, na naɗe a rigar, na rungume.

Sharaɗin shi ne daga nan har gida ba waiwaye, ba magana da kowa, in ba haka ba ta zame ta koma. Wa zan haɗu da shi a hanyar rijiya? Kofur. "Malama, me kika ɗauko a jirgin soja?" Na wuce. "Da ke nake!" Na wuce. Ina jin takalminsa a bayana, na ce yanzu zan sha abin da Kame ya sha. Sai ga matar Kame ta saki tulunta a gabansa ya tarwatse, ta kama ihu wai ya fasa mata. Da gangan ta yi, na gani. Duk ƙauyen sun san abin da na rungumo. Gobe kowa zai ce Malama ta je kiran kurwa.

Iya ta sa masa rigar, ta shafa bayansa sau uku, ta ɗiga masa ruwa a goshi, ta tura duwatsun ƙarƙashin matashinsa. Ko gezau. Na ce, to, an gama wasan?

Lahadi, 29 ga Afrilu

Ya ci dankali biyu. Yunwa ce ta kai masa karo, ba wani abu ba.

Laraba, 2 ga Mayu

Ya yi magana. Ina tsince wake ya ce, "Yaya, wannan rigar ta wa ce?" Yaya! Na ce ta mai gidan ce, kuma aro ce. Ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, har sau biyu. Gidansu tofu suke yi, wato awara, a wani gari mai dusar ƙanƙara. Ya ce ba shi ya juyo da jirgin ba, injin ne, mai na ta feso masa a gilashi. Ban tambaye shi ba. Ya maimaita, na ce na ji.

Da yamma ya gyara mana dutsen niƙa da ya shekara yana gurgunta. Hannunsa ya san aikin. Wanda ya ɗora wannan a jirgi bai san abin da yake yi ba.

Asabar, 5 ga Mayu

Iya da bakinta! Tun shekaranjiya take bin gida gida: na ɗauko ta, ya ci, ya yi magana, surukata ce ta je da ƙafarta. A al'adarsu wai dole a sanar, a raba ɗan abinci, kurwa ta san an yi murna da ita ta zauna. Ba wanda ya tuna abin da Kofur ya ce. Ni na tuna, ranar Laraba ma na tuna, shi ya sa ban je na sanar ba. Mantuwa na ce zan kira shi in an tambaya.

Na hango Kofur tafe na shiga da gudu. Na ce, Noboru, kwanta ka kalli bango kamar da, kada ka motsa ko me ya ce. Ya dube ni. Kofur na taka ƙofa ya daka masa kira da cikakken suna, sai ga shi tsaye ƙiƙam, hannu a goshi, "Na'am!"

Sakarai. Sakarai na ƙarshe.

Bayan Kofur ya tafi na zage shi tas. Ya bari na gama, ya ce, "Yaya, mu shida muka sha ruwan bankwana. An riga an rubuta wa uwata cewa na mutu. In na zauna nan, ina za ta sa fuskarta?" Na ce a inda take sa ta da. Ya yi murmushi, wai ni ce ban gane ba.

Iya ta fahimci abin da bakinta ya jawo. Ta ce, "Da na bar ta a ruwa." Na ce da ya mutu. Ta ce, "Da ya mutu a gida, da mun wanke ƙashinsa kamar yadda muke wa mamatanmu." Na tsani ta fi ni gaskiya.

Talata, 8 ga Mayu

Jirgin ruwa ya zo da almuru. Noboru ya ninke rigar Seitoku ya ajiye a kan tabarma, ya sa tasa ta soja. Ya durƙusa wa Iya har ƙasa. Ta cusa masa duwatsun a aljihu, Kofur ya laluba ya watsar da su cikin ruwa, wai soja ba ya ɗaukar tarkace.

A matakalar gaɓa santsi ya kwashi Noboru, ya faɗi da gwiwa, fuskarsa ta yi fari fat. Ya tashi ya shiga. Bai waiwayo ba. Ni ma ban ɗaga hannu ba, na gaji da ɗaga wa mutane hannu.

Juma'a, 11 ga Mayu

Jirage sun wuce da hantsi, huɗu. Ban fito da yara ba, na ce a ci gaba da lissafi. Ba wanda ya dawo.

Da aka tashi na bi ta gaɓa, don hanyar ta fi inuwa. Rigar kuwa dama tana cikin jakata, zan kai ɗinki. Ba kowa a matakalar. Ban daɗe ba.

A hanyar gida wata ɗalibata ta gaishe ni da yaren tsibiri, ta toshe baki tana jiran allon horo. Ban amsa ba, ban waiwaya ba. Gobe zan ce ban ji ta ba.

Iya ta ga yadda na rungumo rigar, ta buɗe mini akwatin. Babu bayan da za a shafa. Na sa duwatsu ukun da na tsinto a inda ya faɗi can ƙasa, inda ba sanyi. Duwatsu ne kawai, na sani. Na ajiye dankali ɗaya a kan murfin.