Waɗanda Ba Su Hau Bene Ba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Jiya likitan kamfaninmu ya karanta mini binciken da kika wallafa a kan cutar numfashin nan, ga sunanki ɓaro-ɓaro a sama. Har na fara washe baki ina cewa ƙanwata ce, ashe wuƙar yanka ni ce a hannunsa. Wai kin rubuta cewa tara cikin goma na waɗanda ƙwayar cutar ta kama suna warkewa sarai cikin wata shida. Ni kuwa wata goma sha huɗu ke nan, ko igiyar takalmi na ɗaura sai na huta. Masu kamfanin sun ce ko in koma hawa turken lantarki ƙarshen wata, ko in ajiye musu hular kwanonsu. Ki taimaka ki rubuto musu layi biyu.

Ki gaida yara.
Yayanki na kullum, wanda ya goya ki.

Yaya,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Na ga saƙonka. Ba zan iya rubuta abin da ya saɓa wa alƙaluma ba. Mutum ɗari huɗu muka bibiya, kuma masana a wurare da dama sun kafa hujja da aikin. Kai ma kana ciki, lamba ta 114. Sau uku muka gayyace ka awo, sau ɗaya ka zo. A ƙa'idarmu, wanda ya daina zuwa, kuma ba a sake kwantar da shi a asibiti ba, cikin waɗanda suka warke ake lissafa shi. Ka rage tunani, ka riƙa ɗan tattaki da safe.

Allah Ya ƙara sauƙi.
Auta.

Likita Auta,

Gaisuwa irin ta mara lafiyar da ya warke bai sani ba. Sau ukun nan duk na zo. Ɗakin awonku yana hawa na huɗu, na'urar hawan benen kuwa tun zuwana na biyu aka liƙa mata takarda wai ta lalace. Na kai hawa na biyu numfashi ya ƙi, na sauko ina dafa bango. Akwai wani benci a ƙasa, kusa da injin ruwan sha. Nan na tarar da wata malamar makaranta da wani direba da wasu, kowa da katinku a hannu. Muka yi hira, muka jajanta wa juna, kowa ya kama gabansa. A zuwa na uku har mun san sunayen 'ya'yan juna.

Ban gaya miki ba don kunya. Mutumin da ya shekara ashirin yana hawa turke, a ce matakala ta gagare shi? Amma ke da kike da ilimi, wanda ya iya hawa ya same ki ai dama ya warke.

Ki huta lafiya.
Lamba ta 114.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na tambayi masu gyara, wata bakwai na'urar ta yi a lalace. Ni ban lura ba, saboda da ƙafa nake hawa kullum don motsa jiki, ta gaban bencin nan. Mutum ɗari da talatin suka daina zuwa a watannin. Na buga wa arba'in waya, talatin da ɗaya har yanzu ba su koma aiki ba.

Na rubuta wa mujallar da ta wallafa binciken cewa a janye shi. Shugaban sashenmu ya ce in bari a yi ɗan gyara a ɓoye, in ba haka ba in manta da ƙarin girma. Na riga na aika. Ga takardar kamfaninku nan a ciki, da sa hannuna.

Kunya nake ji, Yaya, irin wadda ban taɓa ji ba. Ka yafe mini.
Ƙanwarka.

Auta,

Gaisuwa. Sun karɓi takardar, sun ba ni wata uku a ofis kafin su ga sabon awo. Ranar Litinin za mu zo, mu goma sha ɗaya. Malamar ta ce ki taho da abin awon naki.

Muna kan benci. Ke ki sauko.

Yayanki.