Sunan Ganyen da Kika Ɗaura Mini a Diddige

Inna, me ya sa ba ki ja kunnena ba lokacin da nake binki a daji ina zumɓura baki? Me ya sa kika ƙyale ni da wautata?

Assalamu alaikum. Na fara da faɗa kafin gaisuwa, kin dai san halin ɗanki. Ina gaishe ki daga Riyad, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara uku ke nan da rasuwarki, har yau ban tsaya a kan kabarinki ba. Lokacin takarduna suna hannun kafili, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, aka kai ki ina nan ina kallon waya.

Littafi ne ya tayar mini da wannan magana. Wani likita ɗan ƙasarmu da ke zaune a unguwar Ulaisha ya sauya gida, na kwashe masa kaya a motar da nake tuƙawa, ya ce in zubar da wani kwalin littattafai. Ban zubar ba. A ciki na tarar da wani tsohon littafin Turanci na wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakanki. Aikinsa guda ne: ya ɗauki sanda ya yi ta tafiya a daji, ya dawo ya rubuta abin da ya gani. Kin san a aji biyu na sakandare na tsaya, don haka da ƙyar nake jan shi, kalma ta tsaya mini in duba a waya. A layin lodi na kasuwar Aziziya nake karantawa, kafin a cika mini mota da tumatir da albasa.

Da farko dariya ya ba ni. Ƙato da gemunsa ya ɓata shafi huɗu a kan tsuntsu guda! A garinmu sunan wannan gantali. Amma da na yi nisa sai dariyar ta ɗauke, haushi ya kama ni. Mutumin nan ba ya wuce ciyawa bai kira sunanta ba. Ya faɗi lokacin tohonta, da ƙasar da take so, da dabbar da ke cinta. Na ce, to ai wannan Inna ce! Shi an buga nasa, an yi masa bango mai kauri, ga shi har Riyad. Ke fa, wa ya rubuta naki?

Ni ne ya kamata in rubuta. Ni nake riƙe miki kwando idan ruwa ya sauka, mu nufi dajin Rafin Gawo. Kina tafe kina kiran su kamar 'yan'uwanki: tafasa, yaɗiya, lalo, gasaya, rama. Ba ki taɓa tumɓuke ganye da saiwarsa ba, kuma in kin tarar da uku sai kin bar ɗaya. "Akwai na bayanmu," kike cewa. Ni kuwa ina ta waige-waige kada abokaina su hango ni da kwando. A wurina tsinkar ganye aikin mata ne.

Kin tuna ranar da kututturen kara ya yanke ni a diddige? Jini ya cika takalmina. Ko firgita ba ki yi ba. Kika duba hagu da dama, kika tsugunna, kika tsinko wani ɗan ganye mai shimfiɗa a ƙasa, kika tauna, kika manna, kika yagi bakin zanenki kika ɗaure. Kika faɗi sunansa har sau biyu. "Riƙe shi, Sagiru, wata rana ba na kusa." Na ce to. Ban riƙe ba, Inna. Hankalina yana filin ƙwallo.

Makon jiya an yi ruwa a nan, irin nasu na lokacin sanyi. Da aka sauko Juma'a, ni da Abu Salim, ɗan Yaman da muke aiki tare, muka fita bayan gari ta kudu. Mutanen nan in sun fita daji, darduma suke shimfiɗawa a jikin mota su dafa gahawa, ba mai yin nisa. Na ce ni zan taka, kamar mutumin littafina. Abu Salim ya ce, "Ya Sagir, majnuni ne kai? Me ka ajiye a can?" Amma ya biyo ni yana mita.

A wani busasshen kwari na ga ganyen nan naki. Ƙananan ganye masu gashi-gashi, bayansu toka-toka, da ɗan fure ruwan ɗorawa. Ko shi ne ko ɗan'uwansa. Na murza na kai hanci, sai ga ƙamshin bakin zanenki. Na buɗe baki in kira shi, babu komai. Na zauna a kan dutse ina hawaye, ni da nake rantsuwa ba na kuka.

Abu Salim ya faɗi sunansa da Larabci. Waya ta ba ni wani dogon suna kamar na allurar asibiti. Ba su nake nema ba, wanda ya fito daga bakinki nake nema. Na kira Yaya Hadiza, ta ce, "Kai ma dai, wa yake ta ganye yanzu?" Ƙawarki Iya Talatu, da kuke fita tare, ta bi ki bara. Dajin kuma ba mai shigarsa yanzu, kowa ya san dalili. To in mata ba sa fita, wa zai kira sunayen nan? Haka za su bi ku ɗaya bayan ɗaya, muna zaune.

Uku na tarar a kwarin. Na tsinki reshe ɗaya na bar sauran, kin ga wannan dai na riƙe. Na sa shi a tsakiyar littafin. A gefen shafukan Baturen na fara rubuta sunayen da kika koya mini, sun kusa ashirin. Gurbi ɗaya na bari fari.

Ki yafe mini, Innata. Allah ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna, ya sa ki a lambun da ba a tsoron shigarsa. Amin.

Ɗanki mai kunnen ƙashi,
Sagiru

Inna, ara mini layi biyu in yi magana da masu leƙen wasiƙarki. Ku 'yan garinmu da ke karanta wannan a shafina na sada zumunta, ga hoton ganyen nan na sa. Kada wanda ya rubuta mini "Allah ya jiƙanta" ya wuce. Duk mai tsohuwa a raye ya tashi ya kai mata waya, ta duba. Kuma kada a turo mini a ɓoye. A nan nake son amsa, a gaban kowa: mene ne sunan ganyen nan?